Daga 4L60E zuwa 4L80E: soket ya shiga, me ya hana motar tashi?

Assalamu alaikum, jama'a. Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a saƙonninku: an cire giyar mota mai canza kanta samfurin 4L60E, an ɗora 4L80E, soket ɗin wayoyin giya ya shiga daram, amma da an taka totur sai motar ta riƙa jan ciki kamar an ɗaura mata tirela. Wasu har sun yanke cewa matacciyar giya aka sayar musu. Ku dakata tukuna.

Mu kwatanta giyoyin biyu. Ƙaramar ita ce 4L60E, wadda kamfanin GM na Amurka ya sa a Camaro, Tahoe da Silverado 1500. Tana aikinta lafiya, amma da an ƙara wa inji ƙarfi, musamman in an sa tabo, na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska, kulocin giya ta 3 da ta 4 ne ke fara ƙonewa. Babbar kuwa, 4L80E, ta fito a 1991, daga tsatson tsohuwar giyar TH400 ta 1964, aka ƙara mata giya ta huɗu mai rage gudun inji a babbar hanya. Don motocin jan kaya irin Suburban 2500 aka ƙera ta, shi ya sa masu tsere ke rububinta.

Aikin ƙarfe na ɗora 4L80E ba zai riƙe mu ba. A rage tsawon furofela, a canza mata kai mai haƙori 32 maimakon 27. A matsar da gadar da ke riƙe wutsiyar giya. A daidaita kwambata, wato abin da ke isar da ƙarfin inji ga giya ta hanyar mai, da farantin bayan inji. In Camaro ce ta 1998 zuwa 2002, guduma ma sai ta yi aiki a ƙarƙashin bodi. Duk makaniken kirki zai gama wannan.

To, a nan nake so ku natsu.

Kowace daga cikinsu tana canza giya ne da ƙananan bawul biyu na lantarki, A da B, kuma kwamfutar mota ce ke kunna su tana kashewa. A 4L60E, giya ta ɗaya: A a kunne, B a kunne. Ta biyu: A a kashe, B a kunne. Ta uku: duka a kashe. Ta huɗu: A a kunne, B a kashe.

Yanzu mu koma kan 4L80E. Bawul A bai canza ba ko kaɗan. B ne ya juye gaba ɗaya: inda waccan ke son wuta, wannan ba ta so. Saboda haka idan tsohuwar kwamfuta ta kunna duka biyu tana nufin giya ta ɗaya, abin da 4L80E ta ji shi ne ta huɗu. Daga tsaye! In kuma mota ta samu gudu kwamfuta ta nemi ta huɗu, umarnin giya ta ɗaya ta aika. Wannan na biyun ne ke ba ni tsoro, don yana iya yi wa inji da giya ɓarna a lokaci guda.

Gyaran da na fi yarda da shi: a sake rubuta sashen giya na kwamfutar da manhaja irin HP Tuners, a gyara zaman wayoyi a soket, a ja wayoyi biyu zuwa sansar gaba mai auna gudun da ke shiga giya, wadda tsofaffin 4L60E ba su da ita. Akwai masu sa rile guda, wato makunnin da lantarki ke sarrafawa, ya juya wutar B. Yana aiki, kuma da araha, sai dai kwamfutar na nan tana lissafin matsin mai da ma'aunin tsohuwar giya, abin da ba na so wa inji mai ƙarfi. Motar kafireto kuwa sai an saya mata kwamfutar giya daban, da sansar totur.

Don Allah kada a haɗa rile da sabon rubutu. Juyi biyu ya mai da ku inda kuka fito.

Kafin hawa titi, a ɗaga tayoyin baya, a jona na'urar bincike, a tabbatar giyar da kwamfuta ta nema ita ce ta shiga, ɗaya bayan ɗaya. Ko komai ya yi daidai, za ku ji tashinta bai kai na da zafi ba, don ƙarfin jan giya ta ɗaya a 4L80E ninki 2.48 ne, a 4L60E kuwa 3.06. Wannan ba ciwo ba ne, kuma a bidiyo na gaba za mu ga yadda zaɓen kwambata ke cike giɓin.