Asiton: Ruwan da Ke Goge Jan Farce

Ku ɗiga kaɗan daga wannan ruwa a bayan hannu. Kun ji sanyi? Kafin ku ƙirga goma ya bushe, ya bar fatar fari-fari kamar ta lokacin hunturu. Sunansa asiton. Mata sun fi kowa saninsa, ko da ba su san sunan ba, domin shi ne yawanci a cikin 'yar kwalbar da ake jiƙa auduga da ita a goge jan farce kafin alwala.

Ko an wuni ana wanki da ruwa da sabulu, jan farce yana nan daram. Shi kuwa wannan, shafa ɗaya ya narke. Sirrin yana cikin ƙirar ƙwayarsa.

Ƙwayar asiton haɗin sinadarai uku ce: kabon, oksijin da haidurojin. Kabon uku ne a jere. Na tsakiya ya riƙe oksijin guda da ɗauri biyu, na dama da na hagu kowanne ya goya haidurojin uku. Kabon 3, haidurojin 6, oksijin 1, shi ya sa ake rubuta shi C3H6O. Duk sinadarin da ke da irin wannan kabon mai riƙe da oksijin a tsakanin wasu kabon biyu ana kiran danginsa kiton, kuma asiton ne ɗan autansu.

Oksijin ɗin nan akwai haɗama. Yana janyo ƙwayoyin lantarki zuwa gefensa, sai wannan ɓangaren ya zama mai shiri da ruwa. Komai yawan da aka zuba, asiton da ruwa sai sun gauraya sarai. Ɓangarorin dama da hagu masu haidurojin kuwa dangin maiƙo ne. Kun ga ke nan dillali ne mai jin yaren mai saye da na mai sayarwa. Da haka yake shiga tsakanin fenti, da maiƙo, da gam mai kama yatsu, ya warware su. Idan gam ya manne wa yaro yatsu, a jiƙa auduga a riƙa dannawa a hankali, kada a fizga. Amma a kiyaye shi da kayan roba. Farin soson nan da ake tallafe talabijin da shi a kwali, in aka zuba masa asiton, a gaban idonku zai zube ya koma ɗan dunƙule mai yauƙi.

Ƙwayoyin asiton ba su riƙe juna kam kamar na ruwa. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, shi kuwa 56 ya ishe shi. Sanyin da kuka ji ɗazu, zafin fatarku ne ya ɗauka ya tashi da shi, farin da ya bari kuma maiƙon fatar ne ya kwashe. Wannan saurin tashi shi ne haɗarinsa. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da garwashi ko risho a can gefe, wuta ta biyo shi. 'Yan uwa mata, a yi gugar farce nesa da murhu, taga a buɗe.

Yau daga man fetur ake samun mafi yawansa, a masana'antun da ke fitar da shi tare da wani sinadari mai suna finol. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa, da Ingila ta matsu da shi don haɗa albarushi, wani masani a Mancesta, Chaim Weizmann, ya samo shi ta hanyar sa ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da sitacin masara. Da masara ta yi wuya a 1917, har yaran makaranta aka baza su tsinto 'ya'yan wata bishiya a madadinta.

Jikinmu ma yana yin nasa. Idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, hanta takan koma ƙona kitse, asiton kaɗan ya fito ta numfashi. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Amma mai ciwon suga, idan bakinsa ya fara warin ruwan goge farce, ga ƙishirwa, ga amai, ga numfashi sama-sama, alama ce jininsa ya cika da sinadaran kiton. A kai shi asibiti a lokacin, kada a ce sai gari ya waye.