AMG: tarihin garejin da ya sa injin tsere a cikin Marsandi, da ɗawainiyar riƙe motarsa

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya saba bin titunan Abuja ko Kano ko Yamai ya taɓa cin karo da Marsandi mai haruffa uku a bayanta, wato AMG, kuma da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa ado ne kawai da ke nuna motar ta fi 'yan uwanta tsada. A wasu motocin haka abin yake, kuma za mu zo kan wannan, amma asalin haruffan sunan wani ƙaramin kamfani ne na Jamus wanda ya shafe shekaru masu yawa yana cin gashin kansa, yana karɓar motocin Mercedes-Benz daga hannun masu su yana ƙara wa injinansu ƙarfi.

Mutum biyu ne suka kafa shi, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, kuma dukansu injiniyoyi ne a kamfanin Daimler-Benz mai ƙera Marsandi, inda suke aikin shirya injin tseren motar 300 SE. Da kamfanin ya janye daga harkar tsere, sai suka ci gaba da aikin a gidan Aufrecht bayan an tashi daga ofis, har a shekarar 1967 suka buɗe nasu wurin a wani tsohon gidan niƙa da ke ƙauyen Burgstall, ba nisa da birnin Stuttgart. Harafin farko na Aufrecht ne, na biyu na Melcher, na uku kuma na Grossaspach, garin da aka haifi Aufrecht.

Sunansu ya fito ne a shekarar 1971, a tseren awa 24 na Spa da ke Beljiyam. Motar da suka kai wurin ba ta yi kama da motar tsere ba ko kaɗan, domin 300 SEL 6.3 ce, doguwar mota mai ƙofa huɗu irin wadda ake ɗaukar ministoci da manyan attajirai a ciki. Sun faɗaɗa injinta daga lita 6.3 zuwa 6.8, suka ɗaga ƙarfinsa daga dawaki 250 zuwa 428, suka yi mata jan fenti, har aka riƙa yi mata laƙabi da jar alade saboda girma da nauyi. Tana shan mai fiye da ƙananan motocin da take fafatawa da su, tana kuma cinye taya da wuri, amma a miƙaƙƙiyar hanya babu mai iya riƙe ta. Hans Heyer da Clemens Schickentanz ne suka tuƙa ta, suka zo na ɗaya a rukuninsu, na biyu kuma a tseren gaba ɗaya, bayan wata Ford Capri. Ita jar aladen ba ta tsira ba, domin daga baya an sayar da ita ga kamfanin Matra na Faransa, wanda ya yi amfani da gudunta wajen gwajin tayoyin jirgin sama, kuma wadda ake nunawa a yau kwafinta ce da aka sake ƙerawa.

Abin lura a nan shi ne tunanin da ke bayan wannan mota, domin shi ne ya zama sana'ar kamfanin. Sauran masu neman gudu suna rage nauyi suna ƙanƙanta jiki, su kuwa suka bar motar da girmanta da faɗinta, suka tattara mafi yawan ƙoƙarinsu a kan inji. A 1976 suka koma garin Affalterbach, inda hedikwatarsu take har yanzu, kuma itacen tuffa da ake gani a tambarin kamfanin daga alamar garin aka ɗauko shi, aka haɗa shi da hoton bawul, wato ƙofar da iska ke shiga ko hayaƙi ke fita ta cikinta a inji, da abin da ke danna shi.

Mota ta gaba da ta ɗaga su ta fito ne daga jikin da muka sani sosai a Najeriya. Wannan Marsandin da muke kira V-Boot, wadda kamfani ke kira W124, ita ce AMG ya ɗauka a 1986 ya cusa mata injin silinda takwas mai bawul huɗu a kowace silinda, fasalin da Melcher ya zana da kansa. A Amurka aka raɗa mata suna Hammer, wato guduma, domin mai injin lita 6 tana kai wajen kilomita 300 a awa ɗaya, gudun da a lokacin sai irin su Ferrari da Lamborghini ake jin suna yi, alhali kuwa ita tana ɗauke da mutum huɗu da kayansu a but.

Daga nan Daimler-Benz ya daina kallon su daga nesa. An ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa a 1990, aka fitar da C 36 AMG a 1993 a matsayin mota ta farko da suka ƙera tare, kuma mai saye ya samu damar ɗaukarta a wurin dillalin Mercedes da garanti. A 1999 babban kamfanin ya sayi kashi 51 cikin ɗari na AMG, a 2005 kuma ya mallaki sauran.

Al'ada ɗaya ce ta tsallake wannan ciniki ba tare da ta lalace ba, kuma ita ce ake kira mutum ɗaya, inji ɗaya. Idan aka buɗe bonet ɗin cikakkiyar AMG za a ga ƙaramin faranti na ƙarfe a saman injin, ɗauke da sa hannun wanda ya haɗa shi. Mutum guda ne yake bin injin daga lokacin da aka ɗora gangar jikinsa a kan keken aiki, ya sa fistin, ya ɗaure kowane noti da na'urar da ke rubuta ƙarfin ɗaurin a kwamfuta, har ya zuba masa baƙin mai. A ganina wannan bai sa injin ya fi wanda layin masana'anta ya haɗa inganci ba, amma yana sa a san wanda za a tambaya idan an samu kuskure, kuma kamfanonin Pagani da Aston Martin sun yarda da aikin har suna sayen injinan domin motocinsu.

Injina biyu ne masu sha'awar waɗannan motoci suka fi ambato. Na farko shi ne mai lita 5.4 da Kompressor, na'urar cusa iska da bel ke juyawa, wanda ke cikin E 55 ta farkon shekarun 2000, mai ƙarfin dawaki 476 da filogi 16, biyu a kowace silinda. Na biyu shi ne M156 na shekarar 2006, inji na farko da AMG ya zana tun daga tushe, wanda ba shi da turbo ko wata na'urar cusa iska. Girmansa lita 6.2 ne, amma aka rubuta 63 a jikin motar domin tunawa da tsohon injin 6.3. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da C 63 ta wancan zamani lokacin da aka tayar da ita da safe ya san abin da ake nufi: salansa takan yi tsawa sau ɗaya, sannan ta koma wani gurnani mai kauri da ake ji a ƙirji, kuma da an taɓa totur injin yake amsawa ba tare da jinkiri ba.

Darajar wannan sauti ta bayyana ne a 2022, lokacin da dokokin hayaƙi na Turai suka tura kamfanin ga fitar da sabuwar C 63 mai silinda huɗu da lita 2, haɗe da injin lantarki da batir. A lissafi ta fi duk waɗanda suka gabace ta, domin ƙarfinta dawaki 680 ne, yayin da mai silinda takwas da ta gada take da 510. Sai dai nauyinta ya haura tan biyu, gurnanin ya tafi, kasuwa kuma ta yi mata sanyi, har shugabannin kamfanin suka amince cewa sun rasa wasu daga cikin masu sayen da silinda takwas ce ta kawo su tun farko.

Yanzu mu koma ga mai riƙe da makulli, musamman wanda zai sayi ta hannu, domin ta wannan hanya ce mafi yawan irin waɗannan motoci ke shigowa ƙasashenmu ta Legas ko Kwatano. Farashin AMG yana faɗuwa da sauri, har mota mai shekara goma ko sha biyar ta zo daidai da kuɗin sabuwar ƙaramar mota, amma kayan gyaranta ba sa bin ta su faɗi, suna nan a matsayin kayan motar da aka sayar da tsada tun asali. Lamarin kamar na doki ne, wanda kuɗin sayensa sau ɗaya ake biya, harawa da dawa kuwa kullum ne.

A fara da mai. Ba abin mamaki ba ne mai injin lita 6.2 ta sha lita 20 a kilomita 100 cikin cunkoson gari, kuma fetur mai daraja ta 98 a ma'aunin ingancin fetur, ko kusa da haka, kamfani ya tsara mata, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Kwamfutar motar tana iya ja da baya ta rage ƙarfi domin kare injin daga ƙwanƙwasa, wanda ke nufin mutum ya biya kuɗin dawakin da ba zai same su duka ba, musamman a zafin watan Afrilu. Baƙin mai kusan lita 9 take ɗauka, kuma dole ya kasance irin wanda Mercedes ya amince da shi, domin na jabu ko wanda ya wuce lokacinsa shi ne ke saurin cinye kamshaf, sandar da ke buɗe bawul-bawul, wadda dama an san ta da lalacewa a wannan inji.

Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a iya musanya su domin su daɗe, kuma na bayan ne ke fara ƙarewa saboda duk ƙarfin ko mafi yawansa a kansu yake sauka. Gefen tayar siriri ne, ramin da Corolla za ta faɗa ta wuce lafiya yana iya lanƙwasa rim ko ya fasa taya a nan. Birki ma haka yake, fayafayensa manya ne, kuma a wasu samfuran kuɗin canza su kaɗai ya isa ya ba mutum mamaki.

Kowane zamani yana da nasa ciwon da makanikai suka sani. A M156 na shekarun farko, notunan da ke ɗaure kan silinda sukan yi tsatsa su karye, ruwan lagireto ya zubo cikin silinda, kuma alamar ita ce ruwa yana raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, ko farin hayaƙi daga salansa. Kamfanin ya sauya fasalin notunan daga baya, saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ko an canza su. Injin E 55 kuwa yana da suna wajen juriya, matsalar tana kewaye da shi ne. Motar tana zaune a kan jakunkunan iska maimakon sifirin, kuma idan suka tsufa za a wayi gari a tarar ta durƙusa ta gefe ɗaya. Birkinta na lantarki da ake kira SBC ya sa kamfanin ya yi kiranyen motoci masu yawa kafin ya cire shi daga wannan samfuri a 2006. Duk wannan yana bukatar makaniken da ke da kwamfutar gwaji ta Mercedes kuma ya iya karanta ta, ba mai canza kaya ɗaya bayan ɗaya da fatan dacewa ba.

Saura batun haruffan da muka fara da shi. Mercedes da kansa yana sayar da abin da yake kira AMG Line, wanda bamba ne da rim da sitiyari da kujeru kawai, injin kuwa na gama-gari ne. Akwai kuma wasu masu lamba 43 da 53 waɗanda AMG ya gyara musu inji da giya da ƙafafu, amma da yawansu ba hannun mutum ɗaya ne ya haɗa injin ba. Sannan akwai aikin kasuwa, wanda ya fi yawa a kan G-Wagon: a ɗauki tsohuwar G 500, a sauya mata fitilu da bamba da salansar gefe, a manna mata G 63, a ɗora mata farashi. G 63 ta gaskiya a birnin Graz na Ostiriya ake haɗa jikinta, injinta kuma daga Affalterbach yake zuwa da farantinsa, kuma wadda aka fitar a 2018 tana da lita 4 da turbo biyu da ƙarfin dawaki 585.

Saboda haka mai niyyar saye ya ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ya bincika ta, domin ita ce za ta faɗi injin da motar ta fito da shi daga masana'anta, kuma idan daga Amurka ta zo, sau da yawa za ta nuna ko an yi gwanjonta ne bayan haɗari ko ambaliya. Ya nemi takardun sabis, ya duba shekarar da aka buga a jikin kowace taya. Kuma ya roƙi dillali kada a tayar da motar kafin ya iso, ya taɓa injin da hannunsa ya tabbatar da sanyi yake, domin ƙarar kamshaf da farin hayaƙi da durƙushewar jakar iska duk sun fi fitowa a tashin farko, kuma sukan ɓuya da zarar motar ta yi zafi.