Yadda Ake Cin Taliyar Soba a Ƙananan Gidajen Abinci na Japan

Idan tafiya ta kai ku Japan, da wuya ku ratsa gari ba ku ga ƙaramin shago mai gajeren labule a ƙofa ba, inda ake sayar da soba. Siririyar taliya ce mai launin toka-toka, ana yin ta da garin wani tsiro mai ƙwayoyi masu kusurwa uku, wanda ke nuna cikin wata biyu zuwa uku ko da a ƙasar da shinkafa ba ta yi. Wannan ne ya sa yankunan duwatsu irin su Nagano suka yi suna da ita, kuma tun zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, ta zama abincin talakawan birnin da yanzu ake kira Tokyo.

Garin ba shi da danƙo, saboda haka yawancin masu murzawa kan haɗa kashi 8 nasa da kashi 2 na fulawa, wato nihachi. Wanda ya iya kwaɓa shi zalla, wato juwari, ba tare da ya tsinke a hannunsa ba, shi ne gwani.

Ana cin soba da zafi a cikin romo, amma shawararmu ita ce ku fara da mai sanyi, zaru, domin a nan ne ƙamshin garin ya fi fitowa. Za a kawo ta a kan faifan gora, tare da ɗan kofi na baƙin romo mai suna tsuyu, da yankakken ganyen albasa da wasabi, wato wani koren yaji mai hawa hanci, a gefe. Kada ku juye romon a kan taliyar. Ku ɗebo loma guda da tsinkayen cin abinci, ku tsoma ƙasanta kawai, sannan ku zuƙe ta da ƙara. A wurinmu wannan rashin ladabi ne, amma a can kowa haka yake yi, kuma iskar da ke shiga tare da lomar tana ɗaga ƙamshin zuwa hanci. Kada kuma hira ta shagaltar da ku, domin soba tana yin laushi ta manne cikin 'yan mintuna.

Akwai abin da ya kamata matafiyi Musulmi ya sani tun kafin ya zauna. Ana haɗa tsuyu da romon busasshen kifi da miyar waken soya da mirin, shi kuwa mirin na asali giyar shinkafa ce mai zaƙi. Ku tambaya, ko ku nemi shagon da ke da shaidar halal, ko kuma ku roƙi gishiri kaɗan, wanda masana soba da kansu kan ɗanɗana ta da shi. Haka nan, duk wanda jikinsa ba ya karɓar wasu abinci ya yi hattara, domin soba tana cikin abubuwan da dokar Japan ta wajabta a rubuta a jikin kayan abincin da aka ƙunshe.

Idan kun kusa gamawa, za a kawo 'yar buta ɗauke da ruwan da aka dafa taliyar, wato sobayu. Ana zuba shi a ragowar romon a sha da ɗumi, ko a sha shi haka nan. Daga nan sai ku biya a wurin mai karɓar kuɗi kusa da ƙofa, ku ce gochisosama deshita don godiya, kuma kada ku bar tukuici a kan tebur, domin ma'aikaci zai iya biyo ku har titi ya mayar muku da kuɗinku.