An Rage Ka Daga Aiki a Birtaniya, Ga Bashin Gida: Yadda Ake Karɓar Kuɗin Inshora

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Birtaniya. Maganar yau ta wanda ya sayi gida da bashin banki ce, yana biya wata-wata, sai kamfani ya ce zai rage ma'aikata kuma sunansa na ciki. Albashi zai tsaya, amma banki ba zai fasa cirar kuɗinsa ba.

Akwai inshorar da ake kira MPPI, don irin wannan rana aka yi ta: in ka rasa aiki, ita za ta riƙa biyan kuɗin gidan na wani lokaci, galibi wata 12, wasu har 24. Mutane da yawa sun saye ta ne a ranar da suke cike takardun gida, daga nan suka manta da ita. Duba bayanan asusunka, ko akwai wani ɗan kuɗi da kamfanin inshora ke cira duk wata. In akwai, nemo takardar yarjejeniyar yau ɗin nan, ka ga me ta ƙunsa. Wata ta haɗa haɗari da rashin lafiya da rasa aiki, wata kuwa biyun farko kawai. A 2020, lokacin korona, kamfanoni da dama sun daina sayar wa sababbin mutane ɓangaren rasa aiki, saboda haka wanda ya saya bayan nan ya duba da kyau.

Ka karanta ta kafin ka sa hannu a kan komai a wurin aiki. Nan ne zan daɗe, domin nan ne aka fi yin asara.

A ce manaja ya tara ku a ɗakin taro, ya ce duk wanda ya yarda ya tafi don kansa za a ƙara masa albashin wata biyu a kan haƙƙinsa. Tayin yana da daɗin ji. Sai dai yawancin waɗannan inshorori ba sa biyan wanda ya ɗaga hannu ya ce a sallame shi. Wanda aka sallama ba da son ransa ba suke biya. Yi lissafi a takarda: in kuɗin gidanka fam 900 ne a wata, inshorar wata 12 ta kama fam 10,800. Ƙarin da manaja ya yi maka tayi ya kai haka? In bai kai ba, ka san abin da kake shirin saki.

Akwai kuma halin da na san mu da shi, na cewa "kafin a kore ni, gara in tafi da mutuncina." Don Allah kada ka rubuta takardar ajiye aiki. Rage ma'aikata ba laifinka ba ne, babu abin kunya a ciki, kuma wanda ya ajiye aiki da kansa ya rufe wa kansa ƙofar inshora. Haka wanda aka kora saboda laifi, da wanda kwantiraginsa mai wa'adi ya ƙare, a yawancin yarjejeniyoyi. In kamfani ya kawo maka takardar sulhu ta rabuwa, doka ba ta ɗaukar ta da ƙarfi sai ka sami shawarar lauya ko wani mai ba da shawara mai zaman kansa, kuma sau da yawa kamfanin ne ke ba da kuɗin lauyan. Je masa da takardar inshorar a hannu, ka ce ya tabbatar an rubuta dalilin tafiyarka yadda yake.

Sai ranaku. Inshora ba ta biya in an sallame ka a watannin farko bayan ka saye ta, sau da yawa wata biyu zuwa huɗu, kuma ba ta biya in ka riga ka ji ƙishin-ƙishin ragin kafin ka saya. Bayan wannan akwai kwanakin jira da ka zaɓa tun farko: 30, ko 60, ko 90, wasu har 180. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne inda ake fara ƙirga su. In kamfani ya ba ka kuɗi a madadin wa'adin sanarwa, wato lokacin da ya kamata ka ci gaba da aiki bayan an sanar da kai sallama, yawancin masu inshora sai wannan wa'adin ya cika suke fara ƙirge. Misali, ka bar aiki ƙarshen Maris, an ba ka kuɗin wata uku, kwanakin jiranka 60. Afrilu, Mayu da Yuni sun tafi a kuɗin kamfani, Yuli da Agusta sun tafi a jira, kuɗin farko sai wajen Satumba. Duk watannin nan daga aljihunka za ka biya banki.

Abin cike wannan giɓi shi ne kuɗin sallama. Wanda ya yi shekara 2 ko fiye a kamfani yana da haƙƙinsa a doka, gwargwadon shekarunsa da daɗewarsa a aiki, kuma fam 30,000 na farko babu haraji a kansu. Na san da zarar kuɗi sun shigo buƙatun gida za su taso, na nan da na can. Ware kuɗin gida na waɗannan watanni tukuna.

Da zarar aiki ya ƙare, yi abu biyu ba tare da jinkiri ba. Kira kamfanin inshora ka buɗe buƙatarka, domin suna da wa'adin da dole ka sanar da su a cikinsa. Sannan ka yi rajista da Jobcentre Plus, ofishin gwamnati na masu neman aiki, ka nemi tallafin New Style Jobseeker's Allowance, wanda ake biya har kwana 182 bisa kuɗin National Insurance da aka riƙa cira a albashinka, ba bisa ajiyarka ba. Wasu na jin nauyin zuwa, suna cewa ba sa buƙatar tallafi. Ko ba ka buƙata, je ka: wannan rajistar ce shaidar da mai inshora ke nema cewa ba ka da aiki kuma kana nema. Tara wasiƙar sallama, da takardar P45 (takardar haraji da kamfani ke ba wanda ya bar aiki), da takardun albashi, da bayanin bashin gida. Buɗe littafi ka riƙa rubuta duk inda ka nemi aiki da ranar, domin kowane wata za su sake tambaya. Kuma ci gaba da biyan kuɗin inshorar, sai in su suka ce ka dakata.

Mai bizar aiki, naka ya ɗan bambanta. Rasa aiki na taɓa izinin zamanka, kuma Universal Credit, kuɗin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, na cikin tallafin da yawancin masu biza ba su da damar karɓa. Nemi shawarar masanin dokar shige da fice tun a makon farko.

Kira bankinka ma, tun kafin ka tsallake biya ko ɗaya. A ƙarƙashin yarjejeniyar da manyan bankuna suka sa wa hannu da gwamnati a 2023, wanda bai fara tsallake biya ba na iya komawa biyan kuɗin ruwa kaɗai na wata 6, kuma ba za a fitar da mutum daga gidansa ba tare da yardarsa ba cikin wata 12 daga biyan farko da ya kasa.

In mai inshora ya ƙi biya, ce ya rubuto maka dalili, da sashen yarjejeniyar da ya dogara da shi. Shigar da ƙorafi a rubuce. Yana da mako 8 ya ba ka amsar ƙarshe. In ba ta gamsar da kai ba, kana da wata 6 ka kai ƙara Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi. Kyauta ne, ba sai da lauya ba, kuma in ka amince da hukuncinsu dole kamfanin ya bi. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice za su taya ka rubuta ƙorafin ba tare da ka biya ko sisi ba.