Hirar Bayan La'asar: Eps15, ɗan kamashon da ba ya shiga mota

Sadiya: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Bauchi. Tun ranar Talata guruf ɗin 'yan Yelwa bai huta ba, kowa Eps15, Eps15, kamar sunan sabuwar waya.

Habu: Ni wallahi lambar mota na ɗauka.

Sadiya: Ai ka kusa, Habu, yau a tasha za mu yini. Kun san dai ƙwayar halitta ba ta da baki. In za ta shigar da abu ciki, sai fatarta ta lotsa, ta yi rami, ramin ya tsinke ya zama 'yar jaka. Endosaitosis ke nan. Mai yi wa jakar kwando daga waje shi ne kilatirin, wani furotin mai ƙafa uku.

Bala: Kamar duwatsun murhu.

Sadiya: Yauwa Malam Bala. To shi Eps15, furotin ne cikin masu wannan aiki, su Pier Paolo Di Fiore ne suka bayyana shi a 1993. Sun ga duk sanda sinadarin girma, wato EGF, ya sauka kan mai karɓarsa a fatar ƙwaya, sai mai karɓar ya liƙa wa wani furotin fosfet. Shi ne wannan. Sunan nasa ma abin da yake nufi ke nan, wanda mai karɓar EGF ke aiki a kansa.

Bala: Shi EGF ɗin ba wanda aka samo jikin ɓera ba?

Sadiya: Shi fa. Stanley Cohen ya ciro shi daga ƙullin da ke yi wa ɓera yawu. In aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa, idonsu kan buɗe da wuri, haƙora su fito kafin lokaci. Ya sami kyautar Nobel a 1986. Amma ku bar ni in faɗi abin da ya sa na ce tasha. Da aka leƙa da madubin ilektiron, an ga Eps15 ya fi taruwa a bakin ramin, ba can ƙasa ba. Shi ke tara jama'a. Wutsiyarsa na riƙe AP-2, wanda ke zaɓen kayan da za a loda. Kansa na da wasu sassa uku da ake kira EH, da su yake cafko irin su efsin, furotin mai taimakawa wajen lanƙwasa fatar. Amma in jaka ta tsinke ta tafi, akasari ba da shi ake tafiya ba.

Habu: Ɗan kamasho!

Sadiya: Sak.

Habu: Kai, Anti Sadiya, kin taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Ranar da zan je Gombe ɗaurin aure, wani ya fizge jakata yana "saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya". Na leƙa, mota cike. Ina biya, sai mutum uku suka sauka ɗaya bayan ɗaya, wai za su kama ruwa.

Bala: Fasinjojin haya ke nan.

Habu: Awa biyu ina zaune! Har mai dafaffen ƙwai ta san sunana. Ɗayansu ma ya dawo da hula daban ya shiga motar gaba.

Bala: To ka sami ɗaurin auren?

Habu: Goro na samu.

Bala: Dama shi ka je nema.

Habu: Allah ya isa tsakanina da mai jar hula.

Sadiya: To ku dawo. Wannan namu dai ba ya yaudara. Kuma aikin ba ƙarami ba ne. Mai karɓar EGF in ya gama isar da saƙon "ki girma, ki rabu biyu", dole a janye shi daga fata. Sai a manna masa wani ɗan ƙaramin furotin, yubikwitin, kamar tikiti, Eps15 kuwa yana da gurbin gane wannan tikitin a ƙarshen wutsiyarsa. Daga nan ko a mayar da shi waje, ko a kai shi inda za a narkar da shi. In aka bar shi yana ta kira ba tsayawa, ai kun san inda zancen ke zuwa.

Bala: Ciwon daji.

Sadiya: Shi ya sa masu binciken daji ba su ƙyale wannan hanya ba. Haka ƙarfen da jini ke buƙata, ta irin wannan ramin furotin mai dakonsa, wato tiransferin, ke shigar da shi. Wani abin dariyar, ramukan nan a ƙwan sauro Roth da Porter suka kwatanta su a 1964.

Habu: Sauro ma ya riga mu zuwa jami'a.

Bala: Amma Hajiya, in aka cire ɗan kamashon, mota ba ta tashi?

Sadiya: Tana tashi. An cire shi jikin ɓeraye sun rayu, domin akwai ɗan'uwansa Eps15L1 mai riƙe masa aiki. Sai an cire su biyun ne ɗan tayin ba ya kaiwa. Na so in yi bayanin dainamin, mai shaƙe wuyan jakar har ta tsinke, da kuma yadda za ku tsara amsa a jarrabawa...

Habu: Anti, jan layi ya fito, batir saura uku.

Sadiya: To, dainamin sai mako mai zuwa. Ku zana ramin, ku ajiye Eps15 a baki. Malam Bala, yi sallama.

Bala: Mu kwana lafiya. Habu, wa zai biya masar yau?