Ɗakin da Ke Ƙarshen Baranda: Aikin Malamin Ba da Shawara a Makarantun Gwamnati

(An rubuto daga faifan laccar da wata tsohuwar malamar ba da shawara ta gabatar a wani taron ƙara wa juna sani na malaman sakandare. An rage gaishe-gaishen farko.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai, barkanmu da warhaka. Na baya kuna jina? To, madalla.

Idan aka ce kansila a ƙasar nan, hankalin kowa kan tafi wurin kansilan mazaɓa, mai rabon taki da atamfa. [Dariya] Ni kuwa shekarun aikina kusan duka a ɗaya kansilancin na yi su, na ba ɗalibai shawara a makaranta, wanda ba shi da taki ba shi da atamfa, sai ɗaki ɗaya a ƙarshen baranda. Kun san ɗakin. Nan ake tara karyayyun kujeru da tsofaffin rajista. A makarantar da na fara aiki, sai da na yi kwana uku ina kwashe buhunan alli kafin na samu wurin ajiye kujera biyu, tawa da ta yaro.

Aikin nan ba baƙo ba ne a Najeriya. A 1959 wasu sistoci 'yan Katolika a kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan matan da za su gama makaranta bayanin sana'o'i. Daga nan aka ɗauko zaren. A 1976 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci ba da shawara a makarantu. Ku lura da asalin: zaɓen sana'a. Har yau a nan muka tsaya. Ba a tuna malamin ba da shawara sai lokacin raba yara, wannan ajin kimiyya, wancan ajin adabi, ko ranar cike fom ɗin JAMB. Wannan aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma shi ne mafi sauƙi a cikin ayyukan ɗakin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Malam, kai da ke da yara 70 a aji, yi lissafi da kanka. Goma ke nan. Ba ana nufin goma masu yaga riga a kasuwa ba. Mu da zarar an ce ƙwaƙwalwa, sai mu hango asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko Barnawa ko Kware. A'a. Ciwon damuwa ne, fargaba ce, rashin barci ne, firgicin abin da ido ya gani ne. Kuma mu malamai muna da sunayen da muke ba su: daƙiƙi, malalaci, mai taurin kai, miskila.

Bari in ba ku labarin wani yaro, ba zan faɗi suna ko makaranta ba. Ɗan aji biyu ne a ƙaramar sakandare, an kawo shi daga ƙauye a tsakiyar zango. Wata rana ana darasin lissafi, wani babur ya yi tusa a bakin ƙofar makaranta, tau! Yaron nan ya faɗa ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa. Aji ya ɗauki dariya, malami ya ɗauka iskanci ne, ya ba shi bulala shida. Sai da ya yi haka sau uku aka turo mini shi da 'yar takarda, wai in yi masa faɗa.

Ban yi masa faɗa ba. Ban ma tambaye shi komai ba ranar farko. Na ba shi ruwa, na ce ya taya ni jera littattafai. Ya zo na biyu, ya zo na uku, muna jera littattafan da ba sa bukatar jeri. A zuwa na huɗu, yana riƙe da wani tsohon littafin Turanci, bai ɗago kai ba, ya ce, "Malama, a cikin dawa muka kwana." 'Yan bindiga sun shiga garinsu da dare. A gabansa aka harbi ƙanin mahaifinsa. Wata bakwai yaron nan yana ɗauke da wannan, ba wanda ya tambaye shi, don a gida an ce masa a yi haƙuri, an wuce wurin.

Me na yi masa? Ba wani abin mamaki. Na koya masa yadda zai ja numfashi a hankali ya ƙirga idan ƙirjinsa ya fara bugawa. Da izininsa na gaya wa malamin aji abin da ya kamata ya sani kawai, aka mayar da shi kusa da ƙofa, aka ce in abin ya taso ya fita ba sai ya nemi izini ba. Na kira yayar mahaifiyarsa da yake zaune a wurinta, muka yi magana. Da na ga mafarkan sun ƙi raguwa, na rubuta musu takarda zuwa asibiti. Malamin lissafin nan, Allah ya saka masa, da ya ji labarin sai da ya yi ƙwalla a ofishina.

Yanzu ku tuna Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Kankara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Ana sako yara, a ɗauki hoto da gwamna, likita ya duba ƙafafunsu da suka kumbura, shi ke nan a ce su koma aji. Su kuma dubban da ba a sace ba amma suka kwana a dawa, ba su da ko hoton. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Ba za su iso ajinka ba, Malam. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, kuma ci gaba ne. Amma doka ba ta zama da yaro tana jera littattafai.

To, ranku ya daɗe shugabanni, a nan zan ɗan taka ku, ku yafe mini. Jarin wannan ɗaki guda ɗaya ne: amana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar da yarinya ta gaya wa malamar ba da shawara sirrinta da safe, da azahar ta ji ana tsegumin a ɗakin malamai, an rufe ɗakin nan ke nan, ko da ƙofarsa a buɗe take. Yara suna gaya wa juna. Haka kuma in ka ɗauki malamin ba da shawara ka sa shi a kwamitin ladabtarwa, ko ka ba shi dorina ya tsaya a bakin ƙofa yana tarar 'yan latti, ka kashe aikin. Wa zai kai kukansa wurin wanda ya zane shi da safe? Sannan ka ɗora masa darasi 20 a mako, ka ce in ya samu sarari ya duba yaran. Yaushe?

Amanar tana da iyaka, kuma tun zaman farko nake gaya wa yaro: abin da ka faɗa a nan ya tsaya a nan, sai fa in rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari, ko wani babba yana cin zarafinka. Wannan dole in nemi taimako, amma da saninka zan yi.

Akwai maganar da na san tana ranku, ta aljanu. Waɗanda suka yi aiki a makarantun 'yan mata na kwana a Kano a shekarun 1990 sun tuna zamanin Sumbuka, yarinya ɗaya ta faɗi, kafin la'asar goma sun bi ta. Ni ban taɓa jayayya da uwa a kan ruƙiyya ba. Musulma ce ni, ina karanta falaƙi da nasi kamar kowa. Abin da nake cewa shi ne, Hajiya, a yi addu'a, a kuma bar ni in zauna da ita. Sau da yawa in an zauna sai ka tarar an sa mata ranar auren da ba ta so, ko jarrabawa ta matso kuma ta san ba ta iya karatu ba tun firamare ake tura ta gaba. Limamin da ya fahimci wannan babban abokin aiki ne, ya fi ni shiga gidaje.

Shaye-shaye kuwa kun fi ni gani. An hana maganin tari mai kodin a 2018, yara suka koma wasu ƙwayoyin. Kora ita ce hukuncinmu na farko, alhali yaron da ka kora tashar mota ka miƙa shi. Kafin a rubuta takardar kora, a ba ɗakin nan mako biyu.

Wani malami ya miƙo takarda yana cewa makarantarsu ba ta da ƙwararre ko ɗaya, yaya za su yi? Malam, ku zaɓi mutum biyu, mace da namiji, waɗanda yara suka riga suka saba zuwa wurinsu da kansu. Kowace makaranta tana da su, ku tambayi yaran za su gaya muku. A rage musu darasi, a tura su horo in an samu, a rubuta musu sunan asibiti mafi kusa da ranar da ake ganin masu wannan lalura. A kwashe buhunan alli. A sa labule a taga, don yaron da ke kuka ba ya son na waje su gan shi.

Na ga ana yi mini nuni da agogo, kuma ga kiran salla can. Sauran takardun tambaya ku ajiye mini su a kan teburin nan, in mun idar sai mu ɗora.