Darasin Karate: Motsi Biyu Na Farko A Heian Shodan

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Heian Shodan za mu fara. Ku cire takalma, ku samu fili mai ɗan faɗi. Kafin mu motsa ƙafa, bari in gaya muku inda wannan kata, wato jerin motsin da ake haddacewa, ta fito, don na ga yara da yawa suna yin ta kamar rawa, ba su san me ke ciki ba.

Karate a tsibirin Okinawa aka haife shi, tun yana masarautar Ryukyu, kafin Japan ta mayar da shi lardinta a 1879. Mutanen garuruwan Shuri da Naha da Tomari sun haɗa faɗansu na gida da abin da suka koyo wajen Sinawa. A lokacin ba a buɗe makaranta kowa ya shigo. Malami ya ɗauki ɗalibai kaɗan, ya koyar da su a tsakar gidansa, sau da yawa da dare. Kuma kata ita ce ma'ajiyar ilimin: duk dabarar da malami ke so ta kai ga jikokinsa, sai ya saka ta cikin jerin motsi, ɗalibi ya haddace da jikinsa.

Anko Itosu ne ya shigar da karate makarantun Okinawa a farkon shekarun 1900, ya tsara kata biyar masu suna Pinan domin yara su iya ɗauka. Ɗalibinsa Gichin Funakoshi ya je Tokyo a 1922 ya nuna wasan, ya zauna can yana koyarwa har ya rasu a 1957. A hannunsa Pinan suka koma Heian, aka kuma musanya ta ɗaya da ta biyu, don mai sauƙin ta zo farko. Farar rigar nan da ɗamarar da kuke ɗoki, daga judo, wasan kokawar Japan da Jigoro Kano ya ƙirƙiro, aka aro su. Tsofaffin Okinawa ba su san baƙar ɗamara ba.

To, a tashi. Haɗa ƙafafu, ka ɗan sunkuyar da kai. Wannan gaisuwa ce ga malami da abokan horo. Mu a nan a tsaye muke yi, ba ma kai goshi ƙasa. Yanzu buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, hannaye a dunƙule a gaba.

Motsi na ɗaya. Dubi hagu tukuna, ido ne ke fara tafiya. Ɗaga dunƙulen hagu zuwa kunnen dama, ka zura ƙafar hagu zuwa hagu, ka sharo hannun ƙasa ya tsaya saman gwiwa. Wannan shi ne gedan barai, wato tarewa ta ƙasa. Lanƙwasa gwiwar gaba har ka daina ganin yatsun ƙafarka. Ƙafar baya a miƙe, diddige a ƙasa. Na ce a ƙasa! Da ka ɗaga shi, yaro ma zai ture ka. Hannun dama kuwa ka janyo shi ƙugu da ƙarfi, don janyowar nan ce ke juya ƙugu, ƙarfin kuma daga ƙugu yake fitowa.

Kun lura da tarewa muka fara? Funakoshi ya sha nanata cewa ɗan karate ba ya fara kai hari, kuma ga shi nan a motsin farko.

Na biyu. Tako da ƙafar dama gaba, kai a tsayi ɗaya, kada ka yi sama ka dawo ƙasa. Naushi da hannun dama zuwa tsakiyar ƙirji, ya iso tare da saukar ƙafa. Gaɓoɓin yatsa biyu na farko su ne ke bugu, wuyan hannu a miƙe, in ba haka ba ka ji wa kanka ciwo. Fitar da numfashi, sassauta kafaɗa.

Heian Shodan motsi 21 ce, amma kada kowa ya wuce waɗannan biyun a makon nan. Ku yi su sau ashirin ta hagu, ashirin ta dama, a hankali, gaban madubi in akwai. A darasi na gaba za mu ɗauki juyawa zuwa dama.